Jinjina ga Manhajar Taro, Wadda Ba Ta Taɓa Laifi Ba

Duk ranar Litinin da ƙarfe goma na safe ofishinmu na Dutse yana kiran taro, kuma tun da aka kawo mana manhajar nan ta hira da kiran bidiyo ba wanda ya ƙara hawa mota don ya halarta. Ni ina Aujara, a Ƙaramar Hukumar Jahun. Abokan aikina suna warwatse, wani a Harbo, wani a Gunka, wasu can wajen Miga. Aikinmu shiga ƙauyuka ne, mu ga abin da ke akwai da abin da babu, mu kai rahoto. A da sai mu yi sammako mu kama hanyar Dutse, mu zauna gaban shugabanni ido da ido, mu faɗi abin da muka gani. Yanzu an hutar da mu. Ana turo mana linki tun daren Lahadi, mu kwana muna tattalin caji. Mun daɗe a cikin wannan ni'ima, ban kuma ga wanda ya tsaya ya gode wa mai ita ba. To, yau ni zan gode.

Sannu da aiki, manhaja. Ke kika haɗa kan ma'aikata a kan kalma ɗaya, abin da ƙungiyar ƙwadago ta daɗe tana nema. Daga darakta har masinja, duk wanda ya shigo zaurenki da abu guda yake buɗe baki: "Kuna ji na?" Sai a amsa masa daga wuri shida a lokaci ɗaya. Uku su ce suna ji, biyu su ce muryarsa tana kakkatsewa, ɗaya ya ce, "Yallaɓai, ka buɗe makirufo." Wani kuma ya daskare a allo, baki buɗe, ido a rufe. Minti ashirin na farko a nan suke tafiya. Wa zai ce an ɓata lokaci? Gaisuwa ce, Bahaushe kuwa ba ya shiga magana sai ya gaisa.

Amma babbar baiwarki ita ce ilimin magani. Na ga bokaye, na ga masu tallar maganin basir a tasha, ban ga wanda ya kama ƙafarki wajen gano cuta ba. Su sai sun taɓa jiki, sun yi tambaya. Ke kuwa da kira ya yanke, kafin ƙiftawar ido kin rubuto sakamako: a duba intanet ɗinka. Naka fa. Ba na kamfanin layi ba, ba na gwamnati ba, ba na ofishin da ya ga dama ya maida taro ta bidiyo ba. Mara lafiya shi ne ya jawo wa kansa ciwo, shi ne kuma zai nemo magani.

Ga maganin nan kuwa a jere, ba rowa. A fita daga taron a sake shiga. In bai yi ba, a kashe waya a kunna. In bai yi ba, a sa ta a yanayin jirgin sama a cire. A leƙa saiti a ga ko an ba manhaja izinin makirufo da kyamara. A share tarkacen da ta tara. A duba ko tsarin tattalin batir ne yake shaƙe ta. A sabunta ta. A goge ta gaba ɗaya a sake saukewa. Duk na yi, wasu ma sau goma, kuma ina shaida cewa ko wanne yana da amfaninsa. Kashe waya da kunna ta yana cin minti uku, a cikin minti ukun nan an wuce batun da ya shafi yankinka. Sabuntawa tana lashe megabait masu yawa daga datar da ka saya da kuɗin cefane, ta tsaya a kashi tamanin da bakwai cikin ɗari, ta ce a sake daga farko. Gogewa da sake saukewa kuwa ita ce sarauniyar magunguna, don tana raba ka da ciwon da manhajar baki ɗaya: in ka goge, sabis ɗin da zai dawo maka da ita sai bayan sha biyun dare.

Akwai kuma shawarwarin da ke nuna zurfin sanin da kika yi wa Aujara. A matsa kusa da na'urar raba intanet ta ofis. A bar mara waya a jona kwamfuta da kebul. A rufe sauran na'urorin gida da ke jan intanet, kamar talabijin ɗin da yara ke kallon fim a kai. A tuntuɓi jami'in kula da na'urori na ma'aikata. Madalla da wannan hangen nesa! Ofishina benci ne a gindin darbejiya. Na'urar raba intanet ɗina ita ce wayar da ke hannuna, kebul ɗin da na mallaka na caja ne, shi ma an ɗaure wuyansa da salatif. Jami'in na'urori kuwa yana Dutse, kuma hanyar da aka tsara ta kai masa kuka ita ce a kira shi ta cikin manhajar da ta ƙi kira. Ƙofa a kulle, mabuɗi a cikin ɗaki. Ba ƙaramin mai basira ne ya tsara wannan ba.

Wata baiwar ita ce kawaici. Kin san ainihin abin da ke faruwa, amma kunya ba ta barin ki faɗa. Bari in faɗa a madadinki, don mutane su san girman abin da kike haɗiyewa. Idan na yi magana, waya tana yayyanka muryata ƙanana-ƙanana, ta ɗaure ko wane yanki a ƙunshi, ta jefa wa turken sabis. Daga turken ƙunsassun nan su bi eriya ko wayar gilashi ta ƙarƙashin ƙasa zuwa manyan cibiyoyi, sau da yawa su ƙetare teku zuwa rumbun kwamfutocin kamfani, sannan su juyo su sauka a wayar wanda ke zaune a Dutse. Saƙon rubutu yana da haƙuri, in ya makara ya iso daga baya ba a yi asara ba. Murya ba ta jira. Ma'aunin ƙungiyar sadarwa ta duniya ya nuna cewa in jinkirin tafiyar murya bai wuce kashi 150 cikin dubu na daƙiƙa ba, hira tana tafiya lami lafiya. In ya yi nisa da haka sai mutane su fara cin karo da maganar juna. Ƙunshin da ya makara ana zubar da shi ne kamar wanda bai zo ba. Wannan shi ne "kakkatsewa". Shi ya sa sai ka ga waya cike da sandunan sabis, saƙon WhatsApp yana shiga, amma kira ya ƙi tsayawa da ƙafarsa.

Sannan layukan waya sun fi ƙarfi wajen saukowa da abu a kan hawa da shi. Ma'ana, maganar da ke fitowa daga Dutse tana iso mana da sauƙi fiye da yadda tamu ke isa Dutse. Mu muna jin oga tar, shi ba ya jin mu. Tsakani da Allah, wane injiniya ne ya fahimci tsarin aikin ofis a ƙasar nan kamar wanda ya ƙera wannan? Umarni ya gangaro ba tangarɗa, koke ya maƙale a hanya.

Turken kansa yana da nasa labarin da ba kya bayarwa. Yawancin turakun ƙasar nan da dizal suke rayuwa, don wutar Nepa ba abin dogaro ba ce. In motar mai ta makara, ko ɓarayi suka kwashe batura, unguwa guda ta yi shiru. In hadari ya haɗo aka tsuge da ruwa, eriyar da ke miƙa saƙo daga wannan turke zuwa wancan tana raunana. Ranar kasuwa, mutum dubu suna rabon abin da aka tanada don ɗari. In masu aikin hanya suka sa katafila ta tsinke wayar gilashi a wani gari da ban taɓa zuwa ba, 4G ɗin da ke saman allona sai ya koma harafin E, wanda ko hoto ɗaya sai ya yi nishi kafin ya buɗe. Duk wannan kin sani. Amma ke 'yar halak ce, ba kya tona asirin manya. Sai ki dube ni ki ce in duba intanet ɗina.

Ban taɓa ganin mai tsayuwa a kan magana ɗaya irinki ba. Ranar 14 ga Maris 2024, muna cikin kwanakin farko na azumi, manyan wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, wato WACS da ACE da SAT-3 da MainOne. Bankuna suka rikice daga Legas har Accra da Abidjan, ƙasashe suka kwana suna laluben hanya. Me aka rubuto wa mutumin karkara a allonsa? Ya duba intanet ɗinsa. A watan Oktoba na shekarar, bayan an lalata layin wuta na Shiroro zuwa Kaduna, na Ugwuaji zuwa Apir shi ma ya faɗi, akasarin Arewa ta shafe sama da mako guda a cikin duhu. Masu shagon caji suka ƙara kuɗi, su ma ba laifinsu ba ne, fetur ya riga ya yi tashin gwauron zabo tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. Mutum ya kai waya caji tun asuba ya karɓo ta da rabin ciki. Shawara a makon duhun ma ba ta sauya ba: a kashe a kunna. Ko teku ta tsinke, ko Arewa ta mutu da duhu, laifin dai yana nan inda kika ajiye shi, a hannun mai riƙe da waya. Irin wannan riƙon amana sai a wurinki.

Kada a ce mu 'yan Jigawa baƙi ne a harkar nan, shi ya sa muke ta da jijiyar wuya. An ƙirƙiri jihar a 1991, kuma tun a farkon shekarun 2000, zamanin Gwamna Saminu Turaki, aka kafa Galaxy a Dutse don kawo intanet, aka buɗe makarantar koyon kwamfuta ta Informatics a Kazaure, lokacin da jihohi da yawa ba su ma fara wannan tunani ba. Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001. Dokar sadarwa ta 2003 ta tanadi asusu na musamman don kai sabis karkara. Shirin ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya yi alkawarin intanet mai ƙarfi ga kashi 70 cikin ɗari na jama'a. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari, aka ce don aiki ya inganta. Mun biya, muna kan biya. Sama da shekara ashirin ana yi mana albishir, ga shi yau mun ci moriya: ma'aikacin gwamnati da na ƙungiya, mai mata da 'ya'ya, yana tsaye a kan tudun bayan gari, hannu a sama kamar mai roƙon ruwa, yana neman sanda ta uku. Ke ce kika fito da wannan ci gaba fili kowa ya gani. Da ba don ke ba, da yana nan a ɓoye a cikin takardun taron ƙara wa juna sani.

Asalinki ma abin alfahari ne. Annobar korona ce ta buɗe muku ƙofa a 2020, ke da danginki irin su Zoom da Teams da Google Meet. A watan Mayu na shekarar Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta yi zamanta ta bidiyo a ƙarƙashin Shugaba Muhammadu Buhari, daga nan kowane ofis ya ga ai shi ma ya isa. Annoba ta wuce, ke kika zauna, saboda masu lissafi sun gano alherinki. Ba kuɗin mota, ba alawus ɗin zama, ba ruwan leda, ba abincin rana. Kuɗin taro bai ɓace ba, wuri ya sauya: ya tashi daga asusun ofis ya koma aljihun ƙaramin ma'aikaci. Awa ɗaya ta bidiyo tana iya shanye ɗaruruwan megabait, in hoton mai kyau ne ta doshi gigabait guda. Ka ninka da Litinin huɗu, ka ƙara kuɗin caji, ka ƙara layi na biyu da ka saya don in wannan ya ƙi wancan ya yi, ka ƙara kuɗin ɗan acaɓa ranar da dole sai ka je Jahun neman sabis. A rahoton ƙarshen shekara an rubuta cewa an rage kashe kuɗi. Gaskiya ne kuwa, ba ƙarya a ciki ko ɗaya.

Da mun kashe kyamara mun bar murya kaɗai, da kiran ya fi tsayawa, don murya ba ta cin ko kashi ɗaya cikin goma na abin da hoto ke ci. Da an yarda kowa ya aiko da rahotonsa a saƙon murya, ko a kira shi ta layin waya na yau da kullum, da an ji kowa. Amma ina! An ce kowa ya kunna kyamara don a tabbatar yana nan. A nan ma kin yi wa shugabanni hidimar da ba magatakardan da ya taɓa yi musu, kina riƙe da rajista. Wane ya shigo 10:04, ya fita 10:09, ya shigo 10:15, ya fita 10:16. Ba kya rubuta dalili, don dalili ba aikinki ba ne. Wanda ke zaune a ɗaki mai sanyi da sola a kan rufi, in ya ga wannan rajista, me zai gani in ba ma'aikaci mai wasa da aiki ba? Na san wanda aka ba takardar tuhuma a kan haka. Ya amsa da cewa sabis ne. Aka ce masa, "Malam, kowa ma da sabis yake shiga." Aka kuma ba shi shawara ta 'yan'uwantaka, ya riƙa gwada na'urarsa kafin lokacin taro.

Ya gwada kuwa. Akwai kiran gwaji da kika tanada, mutum ya yi magana ki maido masa da muryarsa. Da ƙarfe shida na safe, gari bai tashi ba, turke ba kowa a kansa, muryar tana dawowa garau kamar a rediyo. Sai ki ba shi shaidar cewa komai lafiya. Ƙarfe goma na yi, ki juya masa baya. Ko a kotu ba a samun shaida mai biyayya irin wannan, ta wanke ka da asuba ta kama ka da hantsi.

Sai kuma aikinki mafi girma, wanda saboda shi na ɗauki alƙalami. Kin kawo zaman lafiya a taro. A da, in muka cika ɗaki a Dutse, akwai mai ɗaga hannu ya ƙi saukewa, akwai mai cewa, "Ranka ya daɗe, ba haka abin yake a ƙauye ba." Dole a saurare shi, don yana tsaye a gabanka, ƙurar hanya tana jikin rigarsa. Yanzu masu irin wannan magana su ne mafi nisa da gari, mafi nisa da gari kuwa su ne mafi raunin sabis. Ba a hana kowa magana ba. Ba a kashe wa kowa makirufo ba. Kawai dai waɗanda suka fi sanin matsala su ne waɗanda ba a ji.

A wata damina da ta wuce, wata abokiyar aikinmu, dattijuwa wadda ta girme mu duka a aiki, ta kira ni ranar Lahadi da daddare. Ruwa ya cinye kwalbatin da ke kan hanyar wasu ƙauyuka a yankinta, mota ba ta shiga, babur ma sai an ɗauke shi a ka. Akwai mata masu tsohon ciki a can, kuma duk yankin nan in haihuwa ta zo da gardama Babban Asibitin Jahun ake nufa, inda likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suke karɓar haihuwa da aikin yoyon fitsari tun 2008. Wanda ya san abin da doguwar naƙuda ke yi wa mace ya san me karyewar kwalbati take nufi. Ta ce, "Ƙanena, gobe zan faɗa musu a taro, ka mara mini baya." Na ce, "Yaya, in sha Allahu."

Ta bi dokokinki duka. Ta kai waya caji tun daren. Ta sayi data. Ta yi kiran gwaji. Ta fita bayan gari inda aka ce sabis ya fi, ta tsaya a gefen gonar gero, sama a haɗe. Da aka zo kanta, muka ji sallamarta, muka ji "Yallaɓai, hanyar da ke zuwa," sai fuskarta ta tsaya cak.

"Hajiya, ba ma jin ki."

Ta fita ta dawo. Muka ji "mata uku," muka ji "ruwa."

"Hajiya, ki duba netwok ɗinki. Ki rubuto a akwatin saƙo. Mu je ga na gaba, lokaci yana tafiya."

Na danna alamar ɗaga hannu, na buɗe makirufo na fara bayani. Na yi kusan minti biyu ina magana da dukan ƙarfina kafin in lura da'irar nan tana juyawa a tsakiyar allo, kina gaya mini cikin ladabi cewa kina ƙoƙarin sake haɗawa. Da na dawo ana kan batun rigunan da za a buga na ranar wani biki. Saƙon da ta rubuta ya shiga da ƙarfe ɗaya da rabi, bayan kowa ya watse. Washegari ta sa kuɗinta ta hau mota ta je Dutse da ƙafarta, aka ce mai sa hannu ya tafi Abuja, ta bari sai taron Litinin.

Litinin ta zagayo, aka karanta bayanin taron da ya gabata. An jera sunan kowa da abin da ya ce, tsaf, ba kuskuren rubutu. A gaban sunanta an rubuta cewa ta halarta, ba ta gabatar da wani batu ba. Aka tambaya ko akwai gyara. Na ga ɗan akwatinta yana haske, leɓunanta suna motsi. Shugaban taro ya jira daƙiƙa biyar, ya ce tun da ba gyara, wa zai ba da shawarar a amince.